Mun yi rusau a ma'ajiyarmu ta GitHub

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, kuma na 'yan kwamfuta ne, amma duk wanda ya taɓa leƙa laftof ɗin ɗalibin mastas ya ga fayil mai suna final, ƙasa da shi final2, ƙasa kuma final_na_gaskiya, zai gane inda na dosa. Maganar folda ce: inda ake ajiye kowane abu, da sunan da ake raɗa masa. Ana koya mana lissafi, ana koya mana rubuta kod, ana koya mana yadda ake kawo hujja daga littafi, amma ban taɓa ganin kwas ɗin da aka ce yau za a koyi jera folda ba. Ana ɗaukarsa kamar shara, aikin da kowa ya iya. Ni kuwa a 'yan watannin nan na ga yadda wannan ƙaramin abu ya kusa cinye wa wata ƙanwarmu babi guda na kundinta.

Muna da wata 'yar ƙungiya ta ɗalibai a nan Abuja, daga makarantu daban-daban, wasu suna zuwa daga Gwagwalada, wasu daga Lugbe da Kubwa, sai mutum biyu da ke taya mu daga nesa, ɗaya a Zariya ɗaya a Maraɗi. Aikinmu tara jimlolin Hausa irin waɗanda mutane ke rubutawa a kafafen sada zumunta, mu yi wa kowace alama: wannan yabo ce, wannan suka ce, wannan tsaka-tsaki. Da su ake horar da na'ura ta riƙa gane ra'ayi da kanta. Ba mu muka fara irin wannan ba. A 2022 ne su Shamsuddeen Hassan Muhammad suka fitar da NaijaSenti, wanda ya ƙunshi Hausa da Igbo da Yarabanci da Turancin Buroka, daga baya a 2023 aka faɗaɗa shi zuwa AfriSenti mai harsunan Afirka 14. Namu ƙarami ne sosai a kusa da waɗannan, amma mun buɗe shi ga kowa a GitHub, duk mai so ya ɗauka, ya duba, ya gyara.

Ga wanda bai saba ba: Git wata manhaja ce da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don kula da kod ɗin Linux. Aikinta riƙe tarihi. Duk lokacin da ka yi canji ka ajiye, abin da muke kira komit, tana rubuta wane ne ya yi, yaushe, me ya ƙara, me ya cire. GitHub kuma shafi ne da ake ɗora waɗannan ma'ajiyoyi a intanet, an kafa shi a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018. Ma'ajiya, ko ripo kamar yadda muke faɗa a baki, babbar folda ce kawai mai ɗauke da aikin da tarihinsa gaba ɗaya. Abin dariyar shi ne, Git an yi ta ne daidai don kada mutum ya buƙaci final2. Amma hali zanen dutse, mutane sun ɗauko ɗabi'ar filash sun shigo da ita cikin Git.

Ma'ajiyar da muka gada wani babban yayanmu ne ya fara ta. Ya gama, ya samu gurbin digiri na uku a waje, ya tafi. Mutumin kirki ne kuma gwani, ba don shi ba da babu aikin ma. Sai dai shi kaɗai yake aiki a lokacin, kuma mai aiki shi kaɗai taswirar tana cikin kansa. Kana buɗewa za ka tarar da komai a tsakar gida: fayilolin bayanai, littattafan Jupyter, hotunan jadawali, takardar neman izinin difens, duk a wuri guda. Akwai folda mai suna new, a cikinta akwai wata new. Akwai Data da babban baƙi, akwai data da ƙarami. A Linux ɗin da yake amfani da shi waɗannan folda biyu ne mabambanta, amma Windows ba ya bambance babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, don haka duk wanda ya sauko da aikin a Windows sai su haɗe masa, Git ta yi ta nuna masa canje-canjen da bai yi ba. A cikin kod ɗin kuma an rubuta hanyar fayil tun daga C har Desktop ɗin laftof ɗinsa, laftof ɗin da yanzu yake wata nahiya. Mun tambaye shi ta WhatsApp wane fayil ne na ƙarshe, ya ce: "Wallahi mutanena sai na duba, ina jin wanda ke cikin new ne." Wace new ɗin? Shiru, jarrabawa ta sha masa kai, kuma ba laifinsa.

Duk wannan ana iya haƙuri da shi. Abin da ya tayar mana da hankali daban ne. A irin aikinmu ana raba bayanai kashi uku: na horarwa, na gwaji yayin da ake gyare-gyare, da na jarrabawar ƙarshe wanda ba a yarda na'ura ta gani ba sai ranar. Dalilin a fili yake. Idan ɗalibi ya ga takardar jarrabawa tun da dare, makin da ya ci da safe ba ya nuna iliminsa. To ƙanwar tamu ta horar da nata, ta samu sakamako mai daɗi, daɗin da ya wuce na manyan ayyukan da aka buga a mujallu. Ta yi murna, ta fara rubuta babi na huɗu. Malamin da ke duba aikinta ya kalli lambar ya ce mata: "Wannan ta yi kyau da yawa, je ki sake dubawa." Muka zauna mu uku ranar Asabar muna kwatanta fayiloli layi-layi. Ashe wani fayil da ke cikin Data mai babban baƙi, wanda aka ɗauka na horarwa ne, an taɓa zuba masa wani ɓangare na jimlolin jarrabawa a ciki, wataƙila lokacin wani gwaji da aka manta. Babu wanda ya yi niyyar maguɗi. Sunayen ne ba su faɗi gaskiyar abin da ke cikinsu ba. Da aka tsame jimlolin aka sake horarwa, lambar ta sauko inda hankali zai ɗauka. Ta yi kuka ranar, don sati uku na rubutu sun tafi. Amma ku yi tunanin da a gaban mai jarrabawa na waje aka gano, ko bayan an buga takardar da sunanta a kai.

Daga nan muka ce sai an sake tsari. Kafin mu taɓa komai muka je muka ga yadda na gaba suka yi. Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka wadda sunanta da harshen Zulu ke nufin mu gina tare, tana da ma'ajiyar MasakhaNER ta 2021 mai harsuna goma. Ka shiga foldar data, za ka ga kowane harshe da ɗakinsa da lambar haruffa uku: hau na Hausa, ibo, yor, swa, amh, da sauransu. Ka shiga hau, fayil uku: train, dev, test. Shi ke nan. Wanda ya san ɗakin Hausa ya san ɗakin Swahili ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma ɗan shirin da ya karanta ɗaya zai karanta sauran in an sauya haruffa uku kawai. Mun kuma duba wani tsari da ake kira Cookiecutter Data Science na kamfanin DrivenData, inda muka ɗauko ƙa'ida ɗaya da na fi so a duk wannan harka: ɗanyen bayanai ba a taɓa su. Yadda aka tattaro su haka za su zauna a foldarsu har abada. Duk wata wanka da tsefewa, kod ne zai yi ta, ya zuba sakamakon a wata folda dabam. In an yi kuskure, a goge wankakken a sake, ɗanyen yana nan. Kamar iri ne a rumbu, ba a dafa shi ko da yunwa ta yi tsanani.

Ni yadda nake kallon ma'ajiya, gida ne irin na Hausawa. README shi ne zaure: baƙo ya yi sallama, a nan za a gaya masa gidan wane ne, me ake yi a ciki, ta ina ake shiga. GitHub ma da kansa yake baje wannan fayil a shafin farko. Kusa da shi LICENSE, wanda mutanenmu suke rainawa. Ka sani, in ka ɗora aiki a fili ba ka sa lasisi ba, a doka ba ka ba kowa izinin amfani da shi ba, ganinsa kawai aka yi. Mun tarar namu shekara biyu yana kiran kansa buɗaɗɗe alhali babu lasisi. Bayan zaure sai ɗakuna, kuma mun taƙaita su: data mai raw da processed a ciki, src na kod ɗin da aka amince da shi, notebooks na gwaje-gwajen da kowa ke yi, docs inda muka sa ƙa'idojin yi wa jimla alama, sai results. Na so a tsaya nan. Wani abokinmu ya zo da zane mai folda kusan ashirin, har da na abubuwan da ba mu fara ba, ya ce ai Linux ma haka take. Gaskiya ne Linux tana da arch da drivers da fs da mm da net da sauransu, amma dubban mutane ke aiki a kanta fiye da shekara talatin. Mu ba mu kai goma ba. Git ma kanta ba ta ajiye folda in babu komai a ciki, sai ka yi mata dabarar jefa wani fanko mai suna .gitkeep. Na ce masa in har sai mun yaudari Git kafin ta yarda da ɗakin, to ɗakin bai isa ginawa ba tukuna.

Zama a Abuja yana sa mutum ya fahimci wannan rigima da sauri. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina: dokar kafa shi ta fito a Fabrairun 1976 zamanin Janar Murtala, babban zanen ya kammala a 1979, gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Shi ya sa in aka ce maka Wuse Zone 4 ko Garki Area 11, sunan kansa ya ba ka rabin kwatance. Amma duk wanda ya zauna garin nan tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake minista, ya san me ake nufi da komawa kan tsari bayan mutane sun riga sun yi gini sun zauna. Rusau ake kira. Ba ina haɗa asarar gida da matsar da fayil ba ne, Allah ya kiyaye, nisan ya yi yawa. Abin da nake nufi, gyaran tsari a makare kullum yana faɗawa kan wani, kuma yawanci kan wanda ba ya wurin da aka yanke shawarar.

A wurinmu wanda ba ya wurin shi ne ɗan uwanmu na Maraɗi. Yana da reshensa da ya yi wata guda yana aiki a kai, ya gyara ɗaruruwan jimloli, yana jiran a haɗe da babban aikin. Da mun tashi cikin dare mun kwashe fayiloli mun sauya musu mazauni, da ya wayi gari gyaransa yana nuni ga gidajen da babu su, ya shiga warware rikicin haɗewa da datar da yake saye da kuɗinsa. Haka duk wani mahaɗi da aka taɓa turawa a guruf, ko aka rubuta a ƙasan shafin kundin wani, zai mutu. Don haka muka ba da sanarwar sati biyu. Aka karɓi duk gyaran da ke jira tukuna. Aka liƙa wa tsohon tsarin alama, abin da Git ke kira tag, ta yadda wanda ya ambaci tsohon fayil a kundinsa zai iya nuna ainihin yadda yake a ranar. Sannan aka yi ƙaura.

Ga wani abu da ya kamata duk mai shirin irin wannan ya sani. Git ba ta rubuta cewa an sauya wa fayil suna ko wuri. Abin da take gani shi ne wani ya ɓace a nan, wani ya bayyana a can, sai ta kwatanta cikinsu, in sun yi kama da aƙalla rabi ta ce ai shi ne ya yi ƙaura. Ma'ana in ka matsar da fayil kuma ka yi masa gyara mai yawa a komit guda, tana iya kasa gane shi, tarihinsa ya yanke, a daina sanin wa ya rubuta wane layi. Mu da sunayenmu a tarihin nan su ne kaɗai shaidar wahalar da muka sha, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai muka raba: komit ɗaya na ƙaura zalla, ko waƙafi ba a taɓa ba, na biyu kuma na gyaran hanyoyin da ke cikin kod. Sunan babban yayanmu yana nan a kan kowane layin da ya rubuta.

Sai maganar abin da bai kamata ya shiga ma'ajiya ba sam. GitHub yana gargaɗi in fayil ya haura megabait 50, yana ƙin karɓa in ya wuce 100. Amma tun kafin nan akwai matsala, domin mai saukar da ma'ajiya yana saukar da tarihinta ne duka. Wani ya taɓa ɗora manyan fayilolin na'urar da aka horar, daga baya ya goge, amma suna nan kwance a tarihi, kowane sabon shiga sai ya biya kuɗin datarsu. A ƙasar da ɗalibi ke lissafin megabait kamar yadda yake lissafin kuɗin mota daga Berger zuwa gida, wannan kaɗai ya isa ya kori mai son taimakawa. Mafi muni shi ne ɗanyen bayanan da ke ɗauke da sunayen mutane da lambobin waya, irin wanda ake samu a sharhin da mutum ya rubuta yana tallar atamfa. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, matar da ta sa lambarta don masu saye ba ta ba mu izinin baje ta ga duniya ba. Goge fayil a yau ba ya cire shi daga komit ɗin bara. Wannan kam sai da muka sake rubuta tarihin wancan ɓangaren, kowa ya sake saukar da aikin sabo. Yanzu foldar raw tana cikin .gitignore, fayil ɗin da ke gaya wa Git abin da za ta kau da kai daga gare shi. Ɗanyen yana wani wuri mai makulli, abin da ke fili wanda aka cire wa sunaye ne.

Rigimar da ta fi zafi kuwa ba ta fasaha ba ce. Wata 'yar uwa ta ce: aikin Hausa, na Hausawa, don me foldojin za su zama da Turanci? Me ya hana bayanai, ɗanye, wankakke, sakamako? Maganarta ta shige ni, don ni ma abin da ya kawo ni aikin ke nan. Muka gwada a wani reshe. Nan take ƙugiya ta fara ba mu wahala: in sunan fayil yana da ƙ, Git a yadda take zuwa ba ta nuna harafin, sai ta rubuta \306\231 a madadinsa, sai kowa ya je ya sauya wani saiti a kwamfutarsa. Rabinmu ba su da allon rubutu mai ɗ da ɓ a laftof. In ka rubuta ba ƙugiya kuma, ɗanye ya koma danye, mu da muke faɗa da masu yin haka a Facebook. Ga alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan, wadda a taminal tana nufin an buɗe zance, sai umarni ya tsaya yana jiran a rufe. Ɗan Maraɗi ya ƙara da cewa su a Nijar ƴ suke rubutawa, ba 'y ba, to na wa za a bi? Shi Turancin ma ba harshen karatunsa ba ne, da Faransanci ya yi jami'a, amma ya ce data da src ya san su a kowace ma'ajiya ta duniya, ba sai an fassara masa ba.

Ra'ayina, wanda ba kowa ya yarda da shi ba har yanzu: sunan folda alamar hanya ce, kuma na'urori da baƙi suna karanta ta fiye da mu. Ɗan Kenya ko ɗan Habasha da ke son gwada aikinsa a kan Hausa ya kamata ya shigo ya gane ɗakuna. Inda Hausa take da haƙƙi a kanmu shi ne inda ake bayani. Don haka muka rubuta README biyu, na Turanci da na Hausa mai suna README.ha.md, kowanne da mahaɗi zuwa ɗayan a layin farko. Ƙa'idojin yin alama kuwa da Hausa aka fara rubuta su, da misalan habaici da zambo da gatse, irin "sannu da ƙoƙari" da ake faɗa wa wanda ya ɓata aiki, wanda na'ura ke ɗauka yabo ne. Na Turancin shi ne fassara. 'Yar uwar ta ce ta karɓa amma ba ta gamsu ba, kuma ta sa an rubuta ƙorafinta a docs, a wani ɗan fayil da muka buɗe don ajiye dalilin kowace shawara: me aka zaɓa, me aka bari, wa ya ƙi. Wannan fayil shawararta ce, kuma ina ganin ya fi duk foldojin amfani, domin mastas shekara biyu ce in Allah ya sa ba yajin aiki, kuma waɗanda za su gaje mu ba za su same mu a WhatsApp kullum ba.

Gwajin da muka yi wa sabon tsarin mai sauƙi ne. Muka samu wani yaro ɗan aji uku da bai taɓa ganin aikin ba, muka ba shi mahaɗin, muka ce kada ya tambayi kowa komai, ya sauko da shi ya fitar da lambar da ke babi na huɗu na ƙanwarmu. Ya maƙale a wuri biyu: ba mu faɗi wane zubin Python ake buƙata ba, kuma wani umarni a README yana nuni ga tsohon suna. Aka gyara. A zama na biyu ya fitar da lambar daidai, a laftof ɗin aro, kafin a ɗauke wuta. Ita kuma ta gabatar da semina ɗinta da sabuwar lambar, ƙarama amma tata, ta ƙara sakin layi guda tana bayanin yadda aka tabbatar babu jimlar jarrabawa ko ɗaya a cikin na horarwa. Yanzu akwai ɗan shiri a src da ke duba hakan da kansa duk lokacin da aka taɓa bayanan.

Abin da ya rage mana shi ne Ajami. Ɗan Zariya yana da jimlolin da aka rubuta da shi, yana so su shigo, kuma ba mu daidaita ba ko su zauna cikin hau a ƙaramin ɗaki, ko a raba tun daga sama a ce hau_Latn da hau_Arab kamar yadda wasu manyan tarin bayanai ke yi. In mun zaɓi na biyu, wata ƙaurar ce kuma, da wata sanarwar sati biyu. Za mu zauna a kai ranar Asabar bayan la'asar. Wanda ya taɓa haɗa boko da Ajami a ma'ajiya guda, don Allah ya gaya mana yadda ya yi kafin ranar.